Ɗan zango ko ɗan Asante: waiwaye kan 'ya'yan ruwa biyu a Kumasi

A Aboabo da Asawase, unguwannin zango a Kumasi, ba a rasa gidan da uba Bahaushe ne, uwa kuma 'yar Asante. Yaron gidan suna biyu gare shi: Abdullahi da aka raɗa masa ranar suna, da Kwame da dangin uwa ke kiransa don an haife shi ran Asabar. Wanne zai amsa idan aka ce masa kai wane ne? Tambayar ta girmi ƙasar Gana.

Tun zamanin Sarkin Asante Osei Bonsu akwai malamai da fatake Musulmi a Kumasi, Baturen Ingila Bowdich ya tarar da su a 1817. Goro ne ya ja Hausawa zuwa Gwanja, kuma da yaƙin basasa ya tarwatsa kasuwar Salaga a 1892, da yawa suka gangaro kudu. Mafi yawansu maza ne da suka baro gida ba iyali, sai suka nemi aure inda suka sauka.

A nan gizo ke saƙar. Bahaushe uba yake bi: asali, suna da gado duk ta wajen uba suke zuwa. Su kuwa Asante, waɗanda kakanninmu ke kira Tonawa, sun ce jini na uwa ne. Dangin mutum, abusua, na uwarsa ne, kuma a al'adarsu ɗan 'yar'uwa ke gadon kawunsa. Saboda haka ɗan Bahaushe da 'yar Asante kowane ɓangare na cewa nasa ne. Zango ya kai shi makarantar allo, dangin uwa kuma su jira shi wajen jana'iza da zanen makoki. Idan auren ya juya, uba ɗan Asante uwa 'yar zango, ko da yake irinsa ba shi da yawa, sai yaron ya tashi kowa na tura shi wajen ɗayan. Wannan ne ya fi ba ni tausayi, domin ba shi ya zaɓi komai ba.

Zango ma ya ƙara nasa ruɗanin. Mosi, Zabarma, Kotokoli, Wangara da Fulani sun cuɗanya da auratayya, Hausa ta zama harshen kasuwa da masallaci, har jikan Bamoshe ya zama "Bahaushe" a bakin 'yan gari.

A Nuwamba 1969 zaɓin ya zama dole. Gwamnatin Firaminista Busia ta ba baƙin da ba su da takardun zama mako biyu su bar ƙasar. Mutanen da aka haifa a Kumasi suka hau manyan motoci zuwa garuruwan da ba su taɓa gani ba. Wanda yake da uwa 'yar ƙasa, ranar ya san darajar sunan Kwame. Ban ga laifin wanda ya fake da dangin uwa a lokacin ba.

Doka ta sassauta daga baya. A 1985 gwamnatin Rawlings, wanda shi ma uba ɗan Sikotland ne uwa 'yar Ewe, ta kafa dokar gado mai lamba 111, wadda ta ba mata da 'ya'ya kaso a dukiyar wanda ya mutu bai bar wasiyya ba. Tsarin mulkin 1992 kuma ya ce duk wanda aka haifa bayan fara aiki da shi ɗan Gana ne, muddin ɗaya daga cikin iyayensa ko kakanninsa ɗan ƙasa ne.

Amma takarda daban, teburin rajista daban. Har yau matasan zango na kokawa cewa da zarar an ji suna irin Abdullahi Garba, sai a sake tambaya: "Ina ne garinku?" In ya ce Kumasi, a ce a'a, garinku na asali. Wasu sai su juya harshe zuwa Tuwi, yaren Asante, su ambaci ƙauyen uwarsu. Wasu kuma su tsaya kan cewa Aboabo ne, nan aka binne cibiyarsu, nan kakansu yake kwance.