Hasashen Narkewar Ƙwayar Magani ta Hanyar Awon Haske

Hasashen narkewa ta awon haske hanya ce ta gane yadda ƙwayar magani za ta narke ba tare da an jiƙa ta ba. Ana haska ƙwayar, na'ura ta karanta hasken da ya dawo, kwamfuta ta fitar da lissafi cikin daƙiƙu.

Ƙwaya ba ta aiki sai ta narke. Mai zazzaɓi a Argungu zai iya haɗiye farasitamol da ruwan randa, sinadarin yana ciki cif, amma in an matse ta a masana'anta ta yi tauri kamar tsakuwa, jikinsa ba zai samu maganin a kan kari ba. Shi ya sa ake gwajin narkewa. A tsohon tsari ana ɗaukar ƙwaya 6, a jefa kowace cikin tulun gilashi mai ruwa mililita 900, zafinsa digiri 37 daidai da na jiki, wani ɗan muciya yana juyawa sau 50 a minti. Ana ɗibar ruwan lokaci-lokaci ana aunawa. Ƙa'idar Amurka ga farasitamol ita ce kashi 80 cikin 100 ya narke a minti 30. Ƙwayar da ke sakin magani sannu a hankali kuwa, gwajinta kan ci awa 12 ko fiye.

Wannan jiran bai dace da sarrafawa marar yankewa ba, inda gari ke shiga ta nan ƙwaya na fita ta can, kamar yadda injin casa ke karɓar shanshera yana zubo da shinkafa. Kafin sakamako ya fito daga ɗakin gwaji, dubun dubatar ƙwayoyi sun wuce. Hukumar FDA, mai kula da abinci da magunguna a Amurka, ta buɗe ƙofar awo a kan layin sarrafawa da jagoranta na 2004, a 2015 ta amince da maganin Orkambi na kamfanin Vertex, wanda aka sarrafa ta hanyar sarrafawa marar yankewa. Ƙa'idar ƙasa da ƙasa kan irin wannan sarrafawa, mai suna ICH Q13, ta biyo baya a 2022.

Haske iri biyu aka fi amfani da su: NIR, wato hasken da ke dab da ja wanda ido ba ya gani, mai tsawon zango daga nanomita 780 zuwa 2500, da Raman, mai sunan masanin Indiya da ya gano shi a 1928. Hasken ba ya ganin narkewa kai tsaye. Abin da yake gani shi ne sanadinta: yawan sinadari, danshi, taurin ƙwaya, da yawan abin da ke riƙe magani. Don haka sai an koyar da kwamfuta tukuna, da ƙwayoyin da aka sassaɓa haɗinsu da gangan, aka haska su, sannan aka narkar da su a tulu.

A nan raunin yake, kuma bai kamata a raina shi ba. In aka sauya mai kawo gari, ko girman ƙwayoyin garin ya canza, hasashen na iya kaucewa ba tare da ya nuna alama ba, sai an sake daidaita lissafin.

A Nijeriya, NAFDAC tana amfani da na'urar hannu ta Raman mai suna TruScan wajen gano jabun magani. Ita tana tantance abin da ke cikin ƙwaya ne. Yadda ƙwayar za ta narke bayan ta sha zafin Afrilu a kan kantar kemis a Birnin Kebbi, wannan har yanzu sai an kai ta tulun gwaji.