Wa Ke Da Ikon Tura Sojojin Najeriya Yaƙi Da Ta'addanci A Ƙasar Waje?

Duk lokacin da shugabannin ECOWAS suka zauna suka ambaci rundunar ko-ta-kwana ta yaƙi da 'yan ta'adda, sai saƙonnin murya su cika WhatsApp. Wani ya ce an gama magana, za a kwashe sojojin da ke Zamfara da Borno a kai su Sahel. Wani ya ce Shugaban Ƙasa shi ne babban kwamandan askarawa, don haka ba ya neman izinin kowa. Wani kuma ya ce da zarar soja ya tsallaka iyaka, an shelanta yaƙi ke nan. Duka ukun ba haka doka ta ce ba.

Maganar tana cikin sashe na 5 na Kundin Tsarin Mulkin 1999. Ƙaramin sashe na 4 ya raba abu biyu. Shelanta yaƙi da wata ƙasa sai Majalisar Dattawa da ta Wakilai sun yi zaman haɗin gwiwa sun amince. Tura soja aikin faɗa a wajen Najeriya kuwa, Majalisar Dattawa kaɗai ake nema, kuma kafin a tura, ba bayan an tura ba. Wannan ya shafi sojan ƙasa da na sama da na ruwa. Yaƙi da 'yan ta'adda a ƙasar da gwamnatinta ta yarda a shigo yana ƙarƙashin na biyun ne, domin ba da ƙasar ake faɗa ba. Matsayar taron ECOWAS kuma ba ta maye gurbin ƙuri'ar sanatoci.

An ga haka a watan Janairun 2013, bayan masu ɗauke da makamai sun mamaye arewacin Mali tun a 2012. Shugaba Goodluck Jonathan ya rubuta wa Majalisar Dattawa, ta amince da tura sojoji 1,200. Tun ba su gama barin gida ba, ƙungiyar Ansaru ta ɗauki alhakin harin da aka kai wa ayarinsu a jihar Kogi, inda aka kashe biyu. Zuwa watan Yulin shekarar, gwamnati ta ce za ta janye wasu daga cikinsu saboda ana buƙatarsu a gida, ga dokar ta-ɓaci a Borno da Yobe da Adamawa. Mai tsoron kada a bar gida ba mai gadi yana da hujja, sai dai kukansa wajen sanatansa ya kamata ya kai shi. A watan Agustan 2023, bayan juyin mulkin Nijar, sanatocin Arewa sun fito fili sun ƙi amfani da ƙarfin soja, Majalisar ta ba da shawarar a bi hanyar sulhu, kuma ba a tura kowa ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne ƙaramin sashe na 5. Ya ce Shugaban Ƙasa, bayan ya tuntuɓi majalisar da ke ba shi shawara kan harkar soja, yana iya tura dakaru aikin faɗa na taƙaitaccen mataki ba tare da jiran Majalisar Dattawa ba, idan ya gamsu cewa tsaron ƙasa na fuskantar barazana ta gab-da-gab. Sharaɗin shi ne ya nemi amincewar sanatoci cikin kwana 7, su kuma su amince ko su ƙi cikin kwana 14.

A lura da kyau: kwana bakwan nan ba daga ranar da soja ya bar bariki ake ƙirga su ba, daga ranar da aka gwabza faɗa ne. Ke nan ana iya jibge dakaru a can tsawon makonni, muddin ba a yi artabu ba, agogo bai fara tafiya ba. Dokar ba ta faɗi soja nawa ne ko wata nawa ne taƙaitacce ba. Wanda zai gamsu da cewa barazanar ta kusa kuma shi ne dai wanda ke son turawar. Ta wannan ƙofa aka bi a watan Disambar 2025, lokacin yunƙurin juyin mulki a Jamhuriyar Benin: jiragen yaƙi suka fara tashi, takarda ta biyo baya, sanatoci suka amince. Gaggawa kam gaskiya ce, ɗan ta'adda ba ya jiran zaman majalisa. Amma a ganina ƙofar ta yi faɗi, domin da wuya sanata ya ɗaga hannu ya ce a'a alhali yaran mutane suna bakin daga.

To idan suka ƙi fa? Sashen bai ce a dawo da sojoji cikin kwana kaza ba, bai kuma yanka wa Shugaban da ya ƙetare shi wani hukunci ba. Abin da ya rage a hannun majalisa shi ne ta hana kuɗin aikin a kasafi, ko ta ɗauko sashe na 143 na tsige Shugaban Ƙasa saboda babban laifi, wanda ke buƙatar kashi biyu bisa uku na kowace majalisa. Tun daga 1999 zuwa yau, ba a taɓa tsige Shugaban Najeriya ta wannan hanya ba.