In bene ya tsage, wa doka ke kamawa?

A Maradi, ɗan kasuwar da Allah ya buɗa wa hanya yakan fara tunanin bene: shaguna a ƙasa, ɗakunan haya a sama. Tun daga ruwan daminar 2024, da ya rushe gidaje ya kuma ci rayuka a garin nan, mutane sun daina wuce tsagar bango ba tare da sun tsaya sun duba ba. Tambayar da ke biyo baya ita ce: in dal, wato kankaren da ke tsakanin ƙasa da sama na bene, ta fara lanƙwasa, ko harsashi ya zauna, wa zai biya?

Dokar farar hula da Nijar ke aiki da ita, wadda ta gada daga Faransa, ta fara ne da mai gida. Aya ta 1386 ta ce mai gini ne ke ɗaukar ɓarnar da rushewar gininsa ta jawo, ko rashin gyara ne sanadi, ko aibin da aka gina shi da shi. Maƙwabcin da bango ya faɗa wa gida ba ruwansa da neman magini, mai gida zai nema. Ɗan haya ma haka: aya ta 1721 ta ɗora wa mai ba da haya nauyin aibin da ke hana morar ɗaki, ko da bai san da shi ba ranar da ya ba da makulli.

Daga nan sai mai gida ya juya ga waɗanda suka yi masa aiki. Aya ta 1792 ta ce in ginin da aka yi jingarsa ya lalace, duka ko wani sashe, saboda aibin gini ko ma aibin ƙasar wurin, mai zanen gini da ɗan kwangila ne da alhaki har shekara 10. A lura da maganar ƙasa. Ɗan kwangilar da ya yi harsashi a kwari, ta wajen Gulbi, ba zai ce rairayi ne ya ci amanarsa ba, domin sanin ƙasa na cikin aikinsa. Shekarun nan 10 ana ƙirga su daga ranar karɓar aiki, kuma aya ta 2270 ta sauke masu nauyin in sun cika.

To, mai duba aiki fa, injiniyan da ake ɗauka ya ga ƙarfe kafin a zuba kankare, ya sa hannu cewa komai daidai? Nan ne na fi jin takaici, domin da yawa suna ɗaukar wannan sa hannu kamar hatimin cika takarda. Faransa ta rufe wannan ƙofa da dokar 4 ga Janairu 1978, ta sa mai duba aiki cikin masu ɗaukar nauyin shekara 10, gwargwadon abin da aka ɗora masa ya duba. A wurinmu ma ƙa'idar yarjejeniya ba ta sake shi ba. Wanda aka biya ya duba, bai zo ba ya sa hannu, ko ya ga an rage ƙarfe a ginshiƙi ya yi shiru, ya saɓa alkawari, kuma mai gida na iya neman diyya a wurinsa. Wanda ba shi da yarjejeniya da mai duba aiki, kamar ɗan haya da ya ji rauni, yana da ayoyi na 1382 da 1383, masu cewa duk wanda kuskurensa ko sakacinsa ya cuci wani sai ya gyara ɓarnar.

Sai dai alƙali zai tambaya: me aka ce ya duba? In harsashi kaɗai aka ba shi, ba za a kama shi da yoyon rufi ba. In kuma ya rubuta cewa simintin ya yi kaɗan, mai gida ya ce a ci gaba don kuɗi sun ƙare, takardar nan ita ce garkuwarsa. Mu kuwa mun saba jinga da baki, a sha hannu a ce Allah ya sa albarka. Ranar shari'a, ba wanda zai iya nuna ranar da aka karɓi aiki, balle iyakar aikin kowa.

Takardar izinin gini da ake karɓa a ofishin magajin gari wajibi ce, amma izini ce ta yin gini bisa tsarin gari, ba ta ɗauke wa kowa alhakin ingancin aikinsa.

Wanda ya ga tsaga mai faɗaɗa, kada ya yi gaggawar liƙe ta da siminti. Ya ɗauki hoto, ya kira ma'aikacin shari'a mai rubuta shaidar gani da ido, ya rubuta wa ɗan kwangila da mai duba aiki, sa'an nan lauya ya nemi babbar kotun Maradi ta naɗa ƙwararre ya gano tushen aibin. In tsagar a ginshiƙi take, a fitar da 'yan haya tukuna.