Ƙofar ƙarfe mai shamakin zafi

Ƙofar ƙarfe mai shamakin zafi ƙofar shiga gida ce da ake ƙerawa da fallayen ƙarfe biyu, na waje da na ciki, a cika tsakaninsu da abin da ba ya barin zafi ya ratsa shi da sauƙi. Galibi ana yi mata ado da murɗaɗɗun sandunan ƙarfe masu siffar ganye ko fure ko dagi, a sa gilashi a bayansu. Masu gini suna son ta saboda tsaro da kwarjini. A sababbin gidajen Gwarimpa da Maitama da Lugbe a Abuja, da na Rayfield a Jos, ita ce abin da baƙo yake fara cin karo da shi. Sai dai ƙarfe yana cikin kayan ginin da suka fi saurin ɗaukar zafi da miƙa shi gaba, don haka amfanin ƙofar wajen rage zafi ko sanyin ɗaki ya dogara da yadda aka ƙera ta, da inda ta fuskanta, da yanayin garin da aka kafa ta.

Asalin ƙarfen

Ƙarfen da aka san irin wannan ƙofa da shi tun farko shi ne ƙarfen ƙira, wanda ake narkar da tama a samu dunƙule, a yi ta dukansa da masaba har yawancin kashin maƙera ya fita. Sinadarin kabon da ke cikinsa bai kai kashi 0.1 cikin ɗari ba, shi ya sa yake lanƙwasuwa ba ya karyewa. Wannan sana'a tsohuwa ce a yankin Jos da Abuja. A Taruga, kudu maso gabashin Abuja, masanin kayan tarihi Bernard Fagg, wanda ya kafa gidan tarihi na Jos a 1952, ya tono matoyan tama na mutanen Nok waɗanda suka haura shekara 2,000. Maƙeran ƙasar Hausa ma da irin wannan ƙarfe suke yi wa ƙyauren katako ɗauri da ƙusoshi masu faɗin kai.

A Ingila, Henry Cort ya fito da hanyar samar da ƙarfen ƙira da yawa a 1784, kuma da shi aka gina hasumiyar Eiffel ta birnin Faris da aka kammala a 1889. Dabarar Henry Bessemer ta 1856 ta kawo ƙarfen masana'anta mai araha, wanda sannu a hankali ya ture shi daga kasuwa, har masana'anta ta ƙarshe da ke yin sa a Ingila, a garin Bolton, ta rufe a 1973. Saboda haka ƙofofin da ake sayarwa yau, na Turkiyya ne ko na Chana ko na mai waldan unguwa, kusan duk da ƙarfen masana'anta mai ƙarancin kabon ake yin su. Salon adon ne kawai ya rage na da. Ta fuskar ɗaukar zafi kuwa ƙarafan biyu ba su da wani bambanci mai yawa.

Yadda zafi yake ratsa ƙofar

Duk mai girki ta san ludayin ƙarfe idan ya jima a tukunya ba ya taɓuwa, alhali muciya sai dai ta yi ɗumi. Masana suna auna wannan hali da lamba. Ta ƙarfe tana kusan 50, ta gilashi kusan 1, ta katako tsakanin 0.12 da 0.15, ta soson foliyuritan da ake cika ƙofa da shi kuwa kusan 0.025. Wato ƙarfe ya ninka katako fiye da sau 300 wajen miƙa zafi, ya ninka soson kusan sau 2,000. Alminiyom ya fi shi ma, don lambarsa ta kai 200 ko kusa da haka.

Abin da ake auna ƙofa gaba ɗaya da shi ana kiransa ƙimar U: yawan wat na zafi da ke ratsa murabba'in mita ɗaya idan bambancin ciki da waje digiri ɗaya ne. Mafi ƙanƙantar lambar, mafi kyawun ƙofar. Falle ɗaya na ƙarfe, irin na ƙofar shago, yana kusan 6, daidai da gilashi falle ɗaya. Idan aka sa soso mai kaurin santimita 4 zuwa 5 tsakanin fallaye biyu, tsakiyar ƙyauren tana sauka zuwa kusan 0.5. Wannan lamba ta tsakiyar ƙyaure ce kaɗai, kuma ita dillalai suka fi son ambata.

Matsalar tana gefe. Fallen waje da na ciki a haɗe suke ta bakin ƙyaure, firam ɗin ma ƙarfe ɗaya ne daga waje har ciki, haka hinji da makulli da mariƙi. Zafi sai ya kewaye soson ya bi ta nan. Injiniyoyi suna kiran irin wannan hanya gadar zafi. A ƙofar da aka cika da soso amma ba a yanke gadar ba, mutum zai ɗora tafin hannu a tsakiya da la'asar ya ji lafiya lau, ya matsa zuwa gefe ya janye hannu da sauri. Maganinta shi ne a raba ƙarfen gida biyu, a haɗa su da tsiri na roba mai tauri ta foliyamaid, wadda lambarta take kusan 0.3, ta yadda babu inda ƙarfen waje ya taɓa na ciki. Wannan aiki ne na masana'anta, yana ƙara kuɗi sosai, kuma ba kowace ƙofa da aka ce tana da soso ba ce take da shi. Mai saye ya nemi a nuna masa yankakken samfurin firam ya gani da idonsa.

Sai gilashi. Falle ɗaya kusan 5.8 yake, mai falle biyu da iska a tsakani kusan 2.8, idan kuma an shafa masa siririn sinadari mai mayar da zafi aka cika tsakanin da iskar agon, yana sauka ƙasa da 1.5. Ga gilashi akwai ma'auni na biyu, na kason zafin rana da yake bari ya wuce kai tsaye, wanda a ƙasashenmu ya fi ƙimar U muhimmanci.

Abu na ƙarshe shi ne kafar da ke tsakanin ƙyaure da firam, da wadda ke ƙasa a dokin ƙofa. Idan babu robar da ke toshe su, iska da ƙura da sauro duk sun sami hanya, soson da ke ciki kuma ba zai hana su ba.

A ƙasashen sanyi

Don ƙasashe irin su Kanada da Jamus da arewacin Amurka aka fara damuwa da wannan ƙira. A can cikin gida yana iya zama digiri 21 waje kuma 15 ƙasa da sifili, na tsawon makonni, dare da rana. Ƙarfen da ba a yanke gadarsa ba yakan yi sanyi ta ciki har danshin ɗaki ya taru a kansa ya riƙa ɗiga, wani lokaci ya daskare ya zama ƙanƙara a jikin firam. Shi ya sa ƙa'idojinsu suke da tsauri. Tsarin gidaje masu tsimin makamashi da aka fara a Darmstadt ta Jamus a 1991 yana neman ƙimar U da ba ta wuce 0.8 ba ga ƙofar waje, kuma a Amurka hukumar NFRC, mai tantance tagogi da ƙofofi, tana auna ƙofa ne tare da firam ɗinta da gilashinta, ba tsakiyar ƙyaure kaɗai ba. Ƙofar ƙarfe mai ado da faffaɗan gilashi da wuya take kamo ƙofar katako ko ta faiba a wannan gwaji.

A Abuja

A Abuja zancen ya juya. Bambancin ciki da waje ba shi da girma kamar na Turai: a watan Maris, lokacin da bazara ta tsananta, waje yakan kai digiri 36 ko fiye, ɗakin da esi ke aiki kuma 24. Digiri 12 ke nan. Abin da ke ƙona ƙofa hasken rana ne. Baƙin fenti, wanda shi aka fi yi wa ƙofofin nan don adon ya fito, yana shanye kusan kashi 90 cikin ɗari na hasken da ya sauka a kansa, farin fenti kuwa kusan kashi 30. Baƙar ƙofar da ta fuskanci yamma ba tare da inuwa ba tana iya haura digiri 60 da la'asar.

Ga lissafi na misali. A ɗauki ƙofa mai faɗin murabba'in mita 2 tana kallon yamma. Idan falle ɗaya ce, zafin da take turawa cikin falo a irin wannan lokaci ya kusa wat 500, wato kusan kashi ɗaya cikin biyar na ƙarfin ƙaramin esi da ke fitar da zafin wat 2,600. Idan mai shamaki ce da ƙimar U ta gaba ɗaya take 2, sai ya sauko ƙasa da wat 200. Bambancin na awa uku ne ko makamancin haka a yini, kuma da yake esi yana kwashe zafin da ya ninka wutar da yake sha kusan sau uku, tsimin bai wuce kashi ɗaya cikin uku na yunit ɗaya a rana ba. Ko da farashin naira 225 kan kowane yunit da hukumar kula da harkar wutar lantarki ta NERC ta sa wa 'yan rukunin A (waɗanda suka fi samun wuta) a Afrilun 2024, wannan bai kai naira 100 ba. Duk wanda ya ce ƙofar za ta biya kuɗinta daga tsimin wuta cikin ɗan lokaci ya zuzuta. Ribarta ta gaskiya ita ce jin daɗin zama: falon da ba ya huci ta bakin ƙofa, mariƙin da yaro zai kama bai ƙone ba, da sauƙin da batirin sola ko janareta ke samu a daidai lokacin da nauyi ya fi yawa.

Abuja tana kusan digiri 9 arewa da layin da ya raba duniya biyu, don haka da tsakar rana rana tana can sama duk shekara. Ƙofar da ta kalli arewa ko kudu 'yar rumfa ta ishe ta. Ta gabas da ta yamma su ne ke shan rana a fuska, kuma su ne ke buƙatar baranda mai zurfi ko bishiya. Inuwa da fenti mai haske suna yin babban ɓangare na aikin da soso yake yi, da kuɗi kaɗan. Magabata da suka sa zaure a gaban gida sun riga sun raba ƙofar waje da ɗakin kwana, kuma wannan tsari har yau yana aiki a gidan bulo.

Da damina wata matsala ce take tasowa. Iska cike take da danshi, esi kuma ya sanyaya ƙarfen daga ciki, sai ƙofar ta yi gumi ta waje, akasin yadda take yi a Turai. Gumin yana gangarowa ya kwanta a ƙasan ƙyaure da kusurwoyin adon, inda tsatsa take fara ci. Yanke gadar zafi yana rage wannan sosai.

A Jos

Jos tana kan tudu mai tsayin mita 1,200 da 'yan kai, matsakaicin zafinta a yawancin watanni tsakanin digiri 21 da 25 yake, kuma gidaje da yawa ba sa buƙatar esi sam. Abin da ke damun mutanen Jos daren hunturu ne, daga Nuwamba zuwa Janairu, lokacin da sanyi yakan sauka kusan digiri 10, wani lokaci ƙasa da haka. Gidajen ba su da na'urar ɗumama ɗaki, ɗumin da bango ya tara da rana shi ake kwana da shi. A nan robar bakin ƙofa ta fi komai daraja, domin iskar hunturu ta kafa take shigowa, da ƙurarta. Soso yana taimakawa, amma ƙofa mai tsada da aka yanke wa gada don sanyin Kanada ta wuce buƙatar Jos. Da yake iskar hunturu busasshiya ce, gumin ƙarfe ta ciki ba ya zama babbar matsala.

Akwai wata ƙira da ta dace da Jos ƙwarai, ta dace da daren Abuja ma idan an ɗauke wuta: gilashin da ke bayan adon yana da nasa hinjin, ana buɗe shi ciki a bar sandunan a kulle. Iska na shiga, ɓarawo ba ya shiga. Idan aka ƙara ragar sauro, ƙofar ta zama taga babba. A kuma tuna Jos takan sami ruwa da ƙanƙara a farkon damina, don haka gilashi mai tauri ya fi dacewa.

Ƙira, kafawa da kulawa

Ingantattun ƙofofi suna da ƙarfe mai kaurin milimita 2 zuwa kusan 3, nauyinsu yakan wuce kilo 100, don haka suna son hinji mai ƙarfi da firam da aka ɗaure da ginshiƙi. Ƙarfe yana miƙewa idan ya yi zafi: ƙyaure mai tsayin mita 2.4 da zafinsa ya ƙaru da digiri 40 yana ƙara tsayi da milimita ɗaya da ɗoriya. A ƙofa mai shamaki fallen waje ne kaɗai ke miƙewa, na ciki yana nan yadda yake, sai ƙyauren ya ɗan gantsare, makulli ya riƙa cijewa da la'asar ya saki da dare. Wannan ma dalili ne na guje wa baƙin fenti a fuskar yamma.

Don tsatsa, ana lulluɓe ƙarfen da tutiya kafin fenti, abin da ya zama dole a Legas da Fatakwal saboda gishirin teku da yawan ruwa. Soson foliyuritan yana cin wuta, hayaƙinsa kuma guba ne, saboda haka ba a kai wa ƙofar da aka cika da shi walda kamar yadda ake yi wa ƙofar shago. Masu waldan Dei-Dei a Abuja da takwarorinsu na Jos da ke son cika ƙofa da hannu, audugar dutse ta fi musu aminci, don ba ta kamawa da wuta, lambarta kuma kusan 0.04 ce.

A 2017 Ma'aikatar Wuta, Ayyuka da Gidaje ta Tarayya ta ƙaddamar da kundin ƙa'idojin tsimin makamashi a gine-gine. Ya fi mai da hankali ne kan yawan tagogi da inuwarsu, da shamakin rufi, da fitilu, da ingancin esi. Dalilin a fili yake: gida mai rufin kwano na murabba'in mita 100 yana shan rana ta sama tun hantsi har yamma, ƙofarsa kuwa murabba'in mita 2 ce ko 4. Mai ginin da kuɗinsa ba su da yawa, ya fara sa shamaki a saman silin, sannan ya zaɓi fuskar da ƙofa za ta kalla da launinta, kafin ya zo kan abin da aka cusa a cikinta.