Mene ne "sag" a shokabzoban keken duwatsu?

Idan masu keken duwatsu, irin mai shokabzoba gaba da baya, suka shiga zancen sauya na baya, kalmar da za ka fi ji a bakinsu ita ce sag. Nufinsu shi ne iya nutsewar da shokabzoban ke yi da nauyin mahayi kaɗai, keke na tsaye cak. Ana lissafa ta da kashi nawa cikin ɗari na sandar shokabzoban ya shige ciki.

To me ya sa ake so ya nutse tun ba a tashi ba? Hanyar dutse ba tudu kaɗai ba ce, har da ramuka. Idan tayar baya ta zo kan rami, sai shokabzoban yana da sauran miƙewa ne zai tura ta ƙasa ta ci gaba da riƙe hanya. Wanda aka ɗura wa iska har ya sandare ba shi da wannan rarar, sai taya ta riƙa tsalle-tsalle, birki kuwa ba ya cin tayar da ke sama. In ya yi laushi fiye da kima, bayan keken ya durƙushe, feda ta riƙa karo da duwatsu, ɗan tsalle kaɗan ka ji ya ƙure, ƙwal!

Galibi ana neman kashi 25 zuwa 30, masu tseren gangara kan kai 35. Ɗauki shokabzoba mai lamba 210x55. Milimita 210 tsawonsa ne daga ramin ƙusa zuwa ramin ƙusa, 55 kuma iya abin da ke shigewa. Kashi 30 na 55 ya kama milimita 16.5. Za ka sa duk kayan da kake fita da su, har hular kwano da jakar ruwa, wani ya riƙe maka keken ka hau, ka ɗan girgiza shi ya zauna. Sai a tura zoben robar da ke jikin sandar ya manne da bakin da sandar ke shigewa, ka sauka a hankali kada ka ƙara danna shi, sannan ka auna tazarar da zoben ya matsa da rula. In ta wuce yadda ake so ka ƙara iska da famfo, in ba ta kai ba ka rage. Kamfanin shokabzoba na RockShox na zana ma'aunin a jikin nasu da yawa, ka huta da rular.

Inda masu sayen sabo ke tuntuɓe shi ne kwafo adadin iskar tsohon su ɗura wa sabon. Ɗakin iskar shokabzoban kamfanin Fox daban yake da na RockShox, ko a kamfani ɗaya ma samfuri ya bambanta, don haka awo sai an sake shi daga farko. Shokabzoba mai sifirin a maimakon iska kuma babu ruwansa da famfo. In an murɗa zoben matsewarsa kamar zagaye biyu bai kai inda ake so ba, sifirin ne bai dace da nauyinka ba, sai a canza shi. Lambar nan ta 210x55 ma dole ta zama wadda firam ɗin ke ɗauka, domin mai shigewa fiye da haka na iya kai taya ta daki firam.

A ganina, da yawan masu zagin shokabzoban da keke ya zo da shi ba su taɓa auna sag ba, ga shi ɗan famfon bai kama ƙafar kuɗin sabo ba. Sai an gama wannan awon ake taɓa maɓallin nan ja da ke rage saurin dawowar shokabzoban, saboda ƙarin iska na ƙara masa saurin.