Goy da goyim: me kalmar ke nufi a bakin Yahudawa?

Tun da yaƙin Gaza ya ɓarke a watan Oktoba na 2023, kalmar goyim ta yawaita a Facebook da X da TikTok, har ta iso zaurukanmu na WhatsApp. Yawanci takan zo da fassararta a manne: wai haka Yahudawa ke kiran duk wanda ba nasu ba, kuma wai ma'anarta "dabbobi". Rabin farko na maganar gaskiya ne. Rabi na biyu ƙarya ce, kuma ina ganin ya kamata mu san daga ina ta taso kafin mu ci gaba da tura wa 'yan'uwa.

Kalmar Ibrananci ce. Tilonta goy, jam'inta goyim, asalin ma'anarta kuwa "al'umma", wato jama'a mai ƙasarta da harshenta. Ta zo fiye da sau 500 a cikin littattafan Yahudawa masu tsarki, kuma abin da zai ba mutum mamaki shi ne su kansu Bani Isra'ila da ita ake kiransu a wurare da dama. A littafin Farawa, sura ta 12, inda aka yi wa Annabi Ibrahim alkawarin za a mai da shi babbar al'umma, lafazin shi ne goy gadol. A littafin Fitowa, sura ta 19, an ce wa mutanen Annabi Musa za su zama goy kadosh, al'umma mai tsarki. Akwai kuma ayar littafin Ishaya da aka sassaƙa fassararta a jikin wani bango daura da hedkwatar Majalisar Ɗinkin Duniya a New York, mai cewa wata al'umma ba za ta ƙara zare wa wata takobi ba. A Ibrananci lo yisa goy el goy herev ne. Sa "dabba" a gurbin kalmar a waɗannan wurare uku ka ga ko maganar za ta tsaya.

Sannu a hankali ma'anar ta karkata. Tun a cikin waɗancan littattafai, in aka ce ha-goyim, "al'ummai", galibi sauran mutanen duniya ake nufi, kamar Masarawa da Babilawa. Zuwa lokacin da malaman Yahudawa suka tattara littafin Mishna na dokokin addininsu, wajen shekara ta 200 Miladiyya, kalmar ta sauko daga kan al'umma zuwa kan mutum guda: goy shi ne wanda ba Bayahude ba, ko da wane irin harshe yake yi. Masu fassara ma wannan hanya suka bi. Girkawa suka ce ethne, a Latin aka ce gentes, daga nan Turawan Ingila suka samo gentile. Littafi Mai Tsarki na Hausa ya ce "al'ummai", wanda ya dace da asalin sosai. Mai karatun Alƙur'ani kuma zai tuna aya ta 75 a Suratu Ali Imrana, wadda ta ce a cikin Ma'abota Littafi akwai wanda in ka ba shi amanar dukiya mai yawa zai mayar maka, akwai kuma wanda ko dinari guda ba zai mayar ba, don suna cewa babu laifi a kansu game da ummiyyina. Malaman tafsiri sun ce Larabawa ake nufi, waɗanda ba su da Littafi. Abin lura, ayar ta fara ne da masu riƙon amana, ba ta yi musu kuɗin goro ba.

Ba Yahudawa kaɗai ke da irin wannan kalma ba. Bafillace yana kiran wanda ba Bafillace ba Kaɗo, jam'i Haɓe, kuma duk wanda ya zauna da Fulani ya san akan faɗe ta cikin raha, akan kuma faɗe ta da raini, sai ka saurari muryar mai maganar. Balarabe ya kira wanda ba Balarabe ba ajami, daga tushen da ke nuna rashin fitar da magana sosai, ga shi yau mu da sunan muke kiran rubutun kakanninmu, muna alfahari da shi.

To amma kada a ce goy ba ta da ƙaya. Tana da ita. Mafi yawan ɗacinta ya taru ne a harshen Yidish na Yahudawan gabashin Turai, a ƙasashe irin su Foland da Rasha, inda suka yi ɗaruruwan shekaru a tsakiyar Kiristoci, ana taƙaita musu wurin zama, lokaci-lokaci kuma a far wa unguwanninsu. A wurin wanda ya tashi a haka, goy na iya zama maƙwabci, na iya zama wanda ake kulle ƙofa dominsa. Daga can aka samu goyishe kop, "kan goy", da ake faɗa wa mutumin da bai da saurin fahimta. Wannan raini ne, babu wata kwana. Akwai shikse, ga macen da ba Bayahudiya ba, da sheygets ga namiji, waɗanda suka fito daga shekets, kalmar da littafin Firistoci ya yi amfani da ita ga ƙazantattun halittun da aka hana ci. Waɗannan biyun su ne zagi na ainihi, sun fi goy muni nesa ba kusa ba. A ɗaya gefen kuma ga shabbos goy, mutumin da ke taimaka wa Yahudawa masu tsananin riƙo da addini da ayyukan da aka hana su ranar Asabar, kamar hura wuta ko kunna fitila. Colin Powell, wanda ya zama sakataren harkokin wajen Amurka, ya yi wannan aiki yana yaro a unguwar Bronx, yana kunnawa da kashe fitilun wani wurin ibadarsu.

A addu'ar safe ta masu bin tsohuwar hanya akwai godiya ga Allah "da bai yi ni goy ba". Masu kāre ta suna cewa godiya ce a kan nauyin ibada, tunda a koyarwarsu Bayahude umarni 613 ne a kansa, sauran mutane kuwa dokoki 7 na zuriyar Annabi Nuhu. Duk da haka ta dami Yahudawa da yawa, har wasu mazhabobinsu suka mai da ita "da ya yi ni Ba'isra'ile", wasu suka cire ta. Kuma akwai masu ɗaukar kalmar su yi wulaƙanci da ita a fili. A shekarar 2010 Ovadia Yosef, jagoran addini na jam'iyyar Shas a Isra'ila, ya ce a wani wa'azi an halicci goyim ne don su yi wa Yahudawa hidima. Mummunar magana ce, kuma manyan ƙungiyoyin Yahudawan Amurka sun fito sun la'ance ta. Shi kansa littafin Talmud, babban kundin koyarwar malamansu, yana da maganganu masu kaushi a kan waɗanda ba Yahudawa ba, yana kuma da umarnin a ciyar da matalautansu, a gaida marasa lafiyarsu, a binne matattunsu, saboda zaman lafiya.

Dabba a Ibrananci behema ce, 'yar'uwar bahima ta Larabci da muka sani. Littafin da ya fi yaɗa goyim a matsayin sunan da Yahudawa ke kiran bayin da za su mallaka shi ne wanda ake kira Yarjejeniyar Dattawan Sihiyona, da aka fara bugawa a Rasha a 1903. Na jabu ne. A 1921 jaridar Times ta Landan ta nuna an kwafo sassa masu yawa na cikinsa daga wani littafin Faransanci na 1864 da aka rubuta don sukar sarkin Faransa Napoleon na Uku, littafin da ba ma a kan Yahudawa yake ba. Hakan bai hana 'yan Nazi amfani da shi ba. Yau masu aƙidar fifita farar fata a Amurka ne suka gāje shi, su ne ke kiran kansu goyim da gadara, an kuma ga kalmar a kan allunansu a gangamin Charlottesville na 2017. Wannan ne ya fi ci mini tuwo a ƙwarya: mutanen da ba sa ƙaunar baƙar fata, ba sa ƙaunar Musulmi, hotunan da suka ƙirƙira ne matasanmu ke kwasowa suna yaɗawa da sunan tausayin Falasɗinawa. Abin da ake yi wa mutanen Gaza ya ishi hujja da kansa, ba ya bukatar a jingina shi da ƙaryar wani.

A Isra'ila da Amurka yau, Bayahuden da ke kiyaye harshensa yakan kauce wa goy a gaban baƙo, ya ce "wanda ba Bayahude ba" kawai. In kuma girmamawa ake nufi, akwai wani lafazin: hasidei umot ha-olam, mutanen kirki na al'ummomin duniya, inda umot ta fito daga tushe ɗaya da ummarmu. Musa ɗan Maimun, babban malaminsu da aka haifa a Ƙurɗuba ya rasu a Masar a 1204, ya rubuta cewa irin waɗannan suna da rabo a lahira. Da wannan suna cibiyar Yad Vashem ta Isra'ila ke karrama waɗanda suka ceci Yahudawa daga 'yan Nazi. Balarabe na farko da aka ba shi ne Mohamed Helmy, likita ɗan Masar da ya ɓoye wata yarinya Bayahudiya a Berlin. An sanar da karramawar a 2013, shekara 31 bayan rasuwarsa. Danginsa sun ƙi karɓa da farko saboda daga Isra'ila ta fito, sai a 2017 wani daga cikinsu ya karɓa a Berlin.