Taron Kwamitin Masu Gidaje ta Intanet a Jihar Kalifoniya

Taron kwamitin masu gidaje ta intanet shi ne zaman da shugabannin ƙungiyar masu gidaje ke yi ta bidiyo ko ta waya, kowa yana inda yake. Irin waɗannan ƙungiyoyi sun yawaita a Amurka, inda sama da mutum miliyan 70 ke zaune a rukunonin gidaje ko benaye da kowa ya mallaki sashensa amma aka yi tarayya a rufi, hanya, lambu da wurin ajiye motoci. Masu gida ne ke zaɓen kwamitin daga cikinsu, kuma yawanci aikin sa kai ne. Amma hukuncinsa yana da nauyi: shi ke yanke kuɗin da kowa zai biya duk wata, shi ke ba da kwangilar gyara, shi ke cin tarar wanda ya karya ƙa'ida.

A Kalifoniya, dokar Davis-Stirling ta 1985 ce ke tsara lamuran waɗannan ƙungiyoyi. Ta ce zaman kwamiti a buɗe yake ga duk mai gida, a sanar da shi tun kwana 4 kafin ranar, tare da jerin abubuwan da za a tattauna. Akan keɓe zama ne kawai don batutuwa kamar shari'a, ladabtar da wani, ko maganar ma'aikata. An kuma hana kwamiti yanke shawara ta musayar imel, in ba a halin gaggawa ba.

A da dokar ta yarda shugabanni su haɗu ta waya ko bidiyo, da sharaɗin a tanadi wuri ɗaya na zahiri da masu gida za su je su saurara. Annobar korona ta 2020 ta sa wannan sharaɗi ya gagara, aka koma Zoom ala tilas. A 2021 majalisar jihar ta halatta taron intanet zalla a lokacin dokar ta-ɓaci. Daga 1 ga Janairu 2024 kuwa, dokar AB 648 ta ba da wannan dama a kowane lokaci.

Sharuɗɗan da ta gindaya su ne gishirin maganar. Dole sanarwar taro ta bayyana yadda ake shiga dalla-dalla, ta kuma ba da lambar waya da imel na wanda zai taimaki duk wanda na'ura ta ba shi wahala, kafin taro da kuma ana cikinsa. Dole a bar ƙofar shiga ta wayar tarho, kuma wannan tanadi ya dace ƙwarai, domin dattijuwar da ba ta saba da kwamfuta ba tana biyan kuɗin wata daidai da kowa. Idan an zo jefa ƙuri'a, sai a kira shugabanni ɗaya bayan ɗaya da suna, kowa ya faɗi matsayinsa a ji. Zaman da ake ƙidaya ƙuri'un zaɓe bai shiga cikin wannan sassauci ba. Shi kam sai an tanadi wurin da masu gida za su tsaya su gani da idonsu.

Amfanin a fili yake ga ma'aikacin dare, ga mai jego, da wanda ya ba da hayar gidansa ya koma wani gari. Haɗarin kuma yana hannun mai jan ragamar taron, domin da danna maɓalli ɗaya zai iya rufe bakin mai ƙorafi, abin da ba ya yiwuwa cikin sauƙi a zauren da jama'a ke kallo. Shi ya sa dokar ta ce damar yin magana ta zama daidai da wadda mutum zai samu da a ido da ido ake zaman.

Jamus ta bi wata hanyar: tun 2024 ana iya yin babban taron masu gidaje ta intanet zalla idan kashi uku cikin huɗu na ƙuri'un da aka jefa suka amince, kuma izinin ba ya wuce shekara 3.